Ƙure gudun furosesa a zafin Saudiyya: ruwa ko iska?

Duk wanda ya shiga kasuwar kwamfuta ta Olaya a Riyad, ko shagunan haɗa kwamfuta na Jidda, da ya zaɓi furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, tambayar da ke biyo baya ita ce: sanyin ruwa kake so ko na iska? Mai shago ya fi son ka ce ruwa, don ya fi tsada kuma ya fi ɗaukar ido ta bayan gilashi. Sai dai tambayar ta yi gaggawa. Kafin ita akwai biyu: wat nawa furosesar za ta ci idan aiki ya yi nauyi, kuma digiri nawa ne zafin ɗakin da za ta zauna. Wanda ya san amsar waɗannan ba zai sha wahalar zaɓe ba, kuma sau da yawa zai ga kuɗin da ya ware wa ruwa sun fi amfani a wani wurin.

Gudun furosesa lissafi ne mai sauƙi. Akwai agogon tushe mai MHz 100, akwai lambar ninki. Ninki 50 ya ba da GHz 5, ninki 52 ya ba da 5.2. Ƙure gudu, wato obakulok, shi ne ɗaga wannan lamba sama da inda kamfani ya tsayar. Matsalar ita ce, gwargwadon saurin da kake so transistoci su buɗe su rufe, gwargwadon ƙarfin wutar da suke buƙata, kuma zafi ba ya bin bolt ɗaya bayan ɗaya. Yana bin gudu sau bolt sau bolt. A ce furosesa tana cin wat 200 a GHz 5 da bolt 1.25. Ka kai ta 5.2, amma ta ƙi tsayawa sai da bolt 1.35. Gudu ya ƙaru da kashi 4 cikin ɗari, wuta kuwa ta ƙaru da kusan kashi 21, ta haura wat 240. A zahiri ma ta fi haka, domin siliki idan ya yi zafi yana yoyon wuta, yoyon kuma ya ƙara masa zafi. Ka ba da wat arba'in da ɗoriya don ribar da ido ba zai gani ba a wasa ko a aikin ofis.

Da ba haka abin yake ba. A 1998 mutane sun riƙa kai Celeron 300A daga MHz 300 zuwa 450, ƙarin rabi cur. A 2011 Core i5-2500K mai GHz 3.3 tana zama a 4.5 da fanka mai kyau kawai. Wancan zamani kamfanoni suna barin fili mai yawa. Yanzu Intel da AMD sun sa wa furosesa dabarar ƙure kanta: tana duba zafi da wuta sau da yawa cikin daƙiƙa guda, ta hau iya inda za ta iya. Filin da ya rage wa mai hannu kaɗan ne. Kuma ba kowace ke buɗe ba. A Intel sai mai harafin K a ƙarshen sunanta, a kan madabod, wato babban allon da ake haɗa komai a kai, mai cifset na Z irin Z790 ko Z890. A AMD yawancin Ryzen a buɗe suke, muddin madabod ɗin na B ne ko na X, ba na A ba. Masu X3D suna da nasu sharaɗin: 5800X3D a kulle ta zo, 7800X3D tana karɓar PBO da Curve Optimizer, saitunan AMD na sassauta iyakar wuta da rage bolt, amma ba ninki da hannu ba, sai a 9800X3D ta ƙarshen 2024 aka buɗe.

Kowace furosesa tana da iyakar zafin da idan ta kai sai ta rage gudu don tsira. A Intel tsara ta 12 zuwa ta 14 digiri 100 ne, a Ryzen 7000 digiri 95, a 7800X3D kuwa 89. Saboda wannan kariya da wuya zafi kaɗai ya kashe furosesar zamani. Bolt ne ke kashewa, wani lokaci nan take, wani lokaci a hankali. An ga duka biyun ba da daɗewa ba. A Afrilun 2023 wasu Ryzen 7000X3D sun ƙone har suka lalata soket, wato mazauninsu a madabod, aka gano wutar SoC, sashen furosesa mai kula da ram, ce ta yi yawa, AMD ta sa aka ƙayyade ta a bolt 1.3 ta sabon BIOS, wato manhajar tushe ta madabod. A 2024 kuma Intel ta amsa cewa wasu furosesoshinta na tsara ta 13 da ta 14 suna lalacewa sannu a hankali saboda yawan bolt, ta fitar da gyaran manhajar cikin furosesa, wato maikurokod, mai lamba 0x129 a Agusta wanda ya hana neman sama da bolt 1.55, sannan 0x12B a Satumba, ta kuma ƙara shekara biyu a garanti. Gyaran yana hana sabuwar ɓarna, ba ya warkar da wadda ta riga ta taɓu. Mai sayen 13900K ko 14900K ta hannu a kasuwar gwanjo ta Haraj ya riƙe wannan sosai, ya gwada ta da aiki mai nauyi kafin ya biya.

Yanzu batun ɗaki, wanda yawancin gwaje-gwajen da ake gani a intanet ba su taɓa shi ba, don a ɗaki mai digiri 21 ko 22 ake yin su. Babu na'urar sanyaya ta ruwa ko ta iska da ke iya kai furosesa ƙasa da zafin iskar da take shaƙa. Aikinta kawai ta kwashe zafi ta zuba a ɗaki. Saboda haka duk digiri ɗaya da ɗaki ya ƙara, furosesa ta ƙara kusan ɗaya. A ce a ɗaki mai digiri 25 furosesa mai cin wat 200 tana tsayawa a 85. Tazarar 60 ke nan, wato digiri 0.3 ga kowane wat. Idan iyakarta 95, tana da damar kaiwa kusan wat 233. Kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ɗaki ya kai 35, sai wat 200 ɗin nan kaɗai ya kai ta bango. Digiri goma na ɗaki sun cinye wat talatin da wani abu, wanda ya kai ko ya fi bambancin da ke tsakanin babbar fanka da lagireton ruwa a yawancin furosesoshi. A Riyad da Makka da Madina, inda zafin Yuli da Agusta kan wuce digiri 43 a waje, ɗakin da ke saman bene yana zama tanda cikin ɗan lokaci idan aka kashe sanyi. Mai barin kwamfuta tana fitar da bidiyo ya tafi aiki, ya kashe mukayyif don tattali, shi ne ya fi kowa jefa ta cikin wahala.

Kwamfutar ma tana ɗumama ɗakin da kanta. Furosesa da katin hoto da suka haɗu suka ci wat 600 suna zuba kusan BTU 2,000 a awa, mukayyif mai 18,000 kuma shi zai kwashe. Kuɗin wutar kam ba abin damuwa ba ne: a farashin gida na halala 18 kan kowane kilowat-awa, ƙarin wat 80 na awa shida kullum bai kai riyal uku a wata ba kafin haraji.

Abin da ake kira sanyin iska shi ma da ruwa a cikinsa. Bututan tagullar da ke tasowa daga gindin fankar an zuƙe musu iska, an bar ɗan ruwa a ciki. Da yake babu matsin iska, ruwan yana tafasa da ɗan ɗumi, tururin ya hau zuwa faifan alminiyom, ya huce ya koma ruwa, ya gangaro ta wani rufi mai tsotsa da ke jikin bututun daga ciki. Dabarar randa ce: ruwan da ya zama tururi yana tafiya da zafi. Babu famfo, babu tiyo, abin da ke motsi fanka ce kawai, kuma idan ta mutu ƙarfen zai ci gaba da rage zafi har ka sayo wata mai mm 120 ko 140 a kowane shago. Masu hasumiya biyu irin Noctua NH-D15 ko Thermalright Peerless Assassin 120 SE, kowanne da bututu shida, suna riƙe furosesar da ke cin kusan wat 200 a ɗaki mai sanyi. Aibinsu girma. NH-D15 tsayinsa mm 165, Peerless Assassin SE mm 155, don haka a duba faɗin akwati kafin a saya. Fankar gaba kuma tana hawa kan ram, idan ram ɗin dogo ne mai fitilu sai an ɗaga ta, tsayin ya ƙaru, murfin akwati ya ƙi rufuwa.

Na ruwa da ake sayarwa a rufe, wanda ake kira AIO, farantin tagulla ne mai ƙananan tsagogi a kan furosesa, ƙaramin famfo yana tura ruwa gauraye da gilaikol ta tiyo biyu zuwa lagireto, fankoki su hura. Amfaninsa na gaske faɗin lagireto ne da kuma damar kai zafin bakin akwati a fitar da shi kai tsaye. Mai mm 240 bai cika fin babbar fanka mai hasumiya biyu ba, kuma a ganina sayensa don neman sanyi asarar kuɗi ce. Daga 280 zuwa 360 ne bambanci ke bayyana, musamman sama da wat 200. Akwai tarko a wajen gwaji: ruwa yana daɗewa kafin ya ɗumama, saboda haka gwajin minti biyu zai nuna lamba mai daɗi. A bar shi minti ashirin zuwa talatin yana aiki, sai ruwan ya kai inda zai tsaya, sannan a karanta.

Yoyo shi ne abin da mutane suka fi tsoro, amma ba shi ya fi faruwa ba. Famfo ne ke mutuwa, kuma idan ya tsaya zafin furosesa yana tashi zuwa iyaka cikin daƙiƙoƙi, babu abin da za ka canza sai na'urar gaba ɗaya. Na biyu, ruwan yana raguwa ta jikin tiyo shekara bayan shekara, zafi kuma yana hanzarta hakan, iska ta maye gurbinsa. Na uku, datti ko tsatsar haɗuwar tagulla da alminiyom ta toshe tsagogin farantin idan maganin da ke cikin ruwan ya ƙare. Alamar toshewa ko mutuwar famfo ita ce furosesa ta yi zafi sosai alhali lagireto da sanyinsa, ko tiyo ɗaya ya yi zafi ɗayan bai ɗumama ba. Shi ya sa tsawon garanti ya fi fitilu muhimmanci. Arctic, alal misali, tana ba Liquid Freezer III shekara shida, sai dai kaurin lagiretonsa mm 38 ne, ba kowane akwati ke ɗaukarsa a sama ba.

Yadda aka ɗaura shi yana ƙara masa kwana ko ya rage. Iska tana taruwa a wuri mafi tsayi, don haka kada famfo ya zama shi ne a sama. Lagireto a rufin akwati ya fi. Idan a gaba ne, ƙarshensa na sama ya wuce famfo, kuma bakin tiyo ya kalli ƙasa in tsawonsa ya isa. Kada a taɓa kwantar da shi a ƙasan akwati. A madabod, wayar famfo ta shiga AIO_PUMP a gudu tsayayye, fankoki a CPU_FAN. A cire ledar da ke manne a farantin. Wannan kuskure yana faruwa har a hannun masu shago. Wani abu da ake mantawa: babbar fanka tana hura sassan da ke rarraba wuta a kewayen soket, AIO ba ya yi, sai a tabbata akwai fanka a baya ko a sama da ke jan iska ta wurin.

Akwai kuma inda ƙarin sanyi ba ya ƙara komai. Ƙwayoyin Ryzen 7000, wato sassan da ke yin lissafi a cikin furosesa, suna cunkushe a ɗan siliki mai kusan murabba'in mm 70, ƙarƙashin murfi mai kauri. Zafin yana maƙalewa tun kafin ya iso farantin, saboda haka lagireto mai 360 ba zai sauke shi yadda kake zato ba, kuma an ƙera su ne su hau har 95 da gangan. Idan aka tattara: 7800X3D, Ryzen 5 da 7, da Core i5 irin 13600K mai iyakar wat 181, babbar fanka ta ishe su. Core i7 da i9 masu iyakar wat 253, da 7950X mai kaiwa 230, idan aikinka fitar da bidiyo ne ko zanen gine-gine na awanni, nan 360 ya cancanci kuɗinsa. Mai wasa kawai ba ya kai furosesa wannan matsayi.

Ƙura ita ce harajin da kowa ke biya a nan. Haƙoran lagireto sun fi na fanka matsewa, suna kama ƙura kamar rariya, kuma wankinsu sai an kwance fankoki. A sa fankokin shigar da iska su ɗan fi na fitarwa yawa, duk masu shigarwa kuma ta bayan raga, don kada akwati ya riƙa zuƙo ƙura ta kowace kafa. A ɗaga shi daga kan kafet. Lokacin guguwar ƙura a wanke raga duk mako biyu zuwa uku. In za a hura da bulowa a riƙe fanka da yatsa kada ta juya. Turaren wuta ma yana da nasa: hayaƙinsa yana barin maiƙo a ƙarfe, ƙura ta manne ta zama dauɗar da iska ba ta cirewa sai da burushi da sifirit, don haka a nisanta kasko da bakin akwati. A Jidda da Dammam danshi ne ƙari. AIO ba ya jawo raɓa tunda bai fi ɗaki sanyi ba, amma kwamfutar da aka fito da ita daga ɗaki mai sanyi sosai zuwa iska mai laima a bar ta ta ɗumama ta bushe kafin a kunna.

Aikin kansa yana farawa da sabunta BIOS, sannan a ɗauki ma'auni kafin a taɓa komai: manhajar HWiNFO64 mai nuna zafi da wuta a buɗe, gwajin Cinebench na minti talatin, a rubuta maki, zafi mafi girma, wat, da zafin ɗakin. Ma'ajun, wato man da ake shafawa tsakanin furosesa da na'urar sanyaya, ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake ya isa a soket AM4 na AMD, a dogon murfin LGA1700 na Intel kuwa siririn layi ya fi, kuma a ɗaure sukurori a gicciye kaɗan-kaɗan. Ruwan ƙarfe mai galiyom da wasu ke sawa a madadin ma'ajun yana cin alminiyom, wutar lantarki kuma tana bi ta cikinsa, ba na mai koyo ba ne. Daga nan a kunna XMP ko EXPO, wato saitin gudun ram, shi kaɗai, a gwada ram da MemTest86 ko TestMem5. A soket AM5 na Ryzen 7000 zuwa sama, ram mai gudun DDR5-6000 shi ne wurin da ya fi zama lafiya, a kuma leƙa a tabbata SoC bai wuce 1.3 ba. Kada a canza abu biyu lokaci guda, in ba haka ba idan ta faɗi ba za ka san mai laifi ba.

A Ryzen hanyar da ta fi riba ita ce rage bolt. A shiga PBO, a buɗe Curve Optimizer, a zaɓi Negative, a fara da 10 a duk ƙwayoyi, a gwada, a koma 15, sannan 20. A Ryzen 5000 iyakar 30 ce, kowane mataki kuma kusan milibolt 3 zuwa 5. Da bolt ya ragu zafi ya ragu, furosesar da kanta sai ta ƙara gudu. Ƙwayoyi biyu mafi kyau su ne suka fi ƙin ragi mai yawa, don tun daga kamfani an matse su, saboda haka ana iya barinsu a 10 sauran su kai 20 ko fiye. Abin mamakin wannan hanya, kwamfuta tana iya cinye gwaji mai nauyi lafiya ta zo ta mutu tana zaune ba ta komai, ko kana buɗe burauza, domin a aiki mara nauyi ne ƙwaya ɗaya ke hawa ƙololuwa. CoreCycler yana gwada su ɗaya bayan ɗaya, a bar shi ya kwana. Wanda ɗakinsa ke da zafi ya sa iyakar zafi ta PBO a 85, abin da zai rasa kaɗan ne.

A Intel a fara da Intel Default Settings, domin wasu madabod suna zuwa da iyakar wuta a buɗe. A gwada rage bolt da 0.025, sannan 0.050, ana duba maki kowane mataki: idan zafi ya sauka maki ma ya faɗi, kariyar CEP ce ta shiga tana rage aiki a ɓoye, sai a koma baya. Mai son ɗaga ninki ya ƙara ɗaya a manyan ƙwayoyi, ya gwada da OCCT ko Prime95, in ta faɗi ya ƙara bolt 0.010. LLC, saitin da ke hana bolt sauka lokacin aiki mai nauyi, a bar shi a tsakiya. Saukar bolt lokacin aiki mai nauyi da gangan aka yi ta, kuma matakin LLC mafi tsanani yana jawo tsallen bolt na ɗan ƙiftawa da manhaja ba ta iya nunawa. Ni dai ba na ba da shawarar wuce 1.35 a aiki mai nauyi na yau da kullum, a tsara ta 13 da ta 14 ma gara a tsaya ƙasa da haka, kada garin neman ƙiba a samo rama.

Shuɗin allo ba shi kaɗai ne alamar rashin daidaito ba. Wasa ya rufe kansa, fayil ɗin da aka matse ya ƙi buɗewa, ko a ga kuskuren WHEA-Logger a Event Viewer na Windows, duk saƙo ɗaya ne. Idan ta ƙi tashi gaba ɗaya, a zare wuta, a haɗa ƙusoshin Clear CMOS ko a cire batirin CR2032 na madabod na 'yan mintuna, don BIOS ya koma yadda ya zo. Saitin da aka gwada a sanyin Janairu a sake gwada shi a Yuli. A kuma sani Intel da AMD duka sun rubuta cewa garanti bai shafi ɓarnar ƙure gudu ba, AMD har PBO ta sa a ciki.

Masu haɗa kwamfuta a nan su aika Kano, Yamai ko Kassala suna da ƙarin dalilin zaɓar iska: can wuta tana yawan ɗaukewa, ɗaki ba lallai ya samu mukayyif ba, kuma idan famfo ya mutu samun madadinsa aiki ne. A mayar da BIOS yadda ya zo, ko a bar ragin bolt mai sauƙi da iyakar zafi. Kafin a ba kago a kwance fankar, domin NH-D15 ya haura kilo ɗaya kuma jijjigar hanya tana iya tsaga madabod ko ta lanƙwasa soket. A cire katin hoto shi ma, kowanne a kwalinsa, a haɗa da bututun ma'ajun sabo don wanda zai ɗaura a can.